Fitilar ta kama, sai kuma me? Sharhi kan yadda ake koyar da Arduino

Idan ka taɓa neman yadda ake koyon haɗa ƙananan na'urorin lantarki a gida, da wuya a ce ba ka ci karo da Arduino ba. Wani ɗan allo ne da bai cika tafin hannu ba. Ana sayar da shi shi kaɗai, ana kuma sayar da shi a cikin kwali tare da tarkacen wayoyi masu launi-launi, ƙananan fitilun LED, rasistoci, sensa iri-iri, da farin allon gwaji mai huji-huji. Bayan kwalin kuma akwai dubban darussa a YouTube da sauran shafukan intanet, kusan duk tafiyarsu ɗaya: jona wannan waya nan, jona waccan can, kwafi wannan shiri, danna maɓalli, shi ke nan abu ya kama.

Wannan kwali da darussan da ke biye da shi nake so mu duba yau, ni da kai mai karatu. Matsayata ba ɓoyayya ba ce. Suna koya maka yadda abu zai yi aiki na minti biyar a kan tebur, amma ba sa koya maka yadda zai lalace. Ga wanda wasa kawai yake yi, wannan ba komai ba ne. Amma da yawa daga cikinmu ba don wasa muke sayen allon nan ba. Wani yana son ya riƙa kunna injin ruwa idan tanki ya yi ƙasa, wani yana son na'urar ƙyanƙyasar ƙwai, wani kuma ɗalibi ne da ke son aikin kammala karatunsa ya zama abin sayarwa. A nan ne giɓin yake zama asara, wani lokaci ma har da haɗarin rai.

Kafin suka, a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. An haifi Arduino ne a 2005 a wata makarantar koyon zayyana da ke garin Ivrea na arewacin Italiya, a hannun Massimo Banzi da David Cuartielles da Tom Igoe da Gianluca Martino da David Mellis. Tushensa kuwa wani aiki ne mai suna Wiring, wanda wani ɗalibin makarantar ɗan ƙasar Kolambiya, Hernando Barragán, ya yi a matsayin aikin digirinsa na biyu. An daɗe ba a cika ambaton sunansa ba, har sai da ya fito ya rubuta nasa ɓangaren labarin a 2016. Kafin zuwan waɗannan ayyuka, mai son sarrafa maikurokwantirola, wato 'yar ƙwaƙwalwar nan da ake rubuta wa umarni ta riƙa kunna abubuwa da kashewa, galibi sai ya nemi na'urar ɗora shiri ta daban, ya kuma zauna da littafin bayanin kamfani mai shafuka ɗaruruwa kafin ko fitila ɗaya ta kama. Arduino ya rushe wannan katanga. Wayar USB ɗaya ta wadatar. Kuma da yake sun saki zanen allon kyauta ga kowa, kamfanonin Sin suka riƙa buga irinsa da araha, shi ya sa yau yaro a Kano ko Maraɗi zai iya mallakarsa. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma duk abin da zan faɗa a ƙasa bai goge shi ba.

Sai dai ka lura da waɗanda aka yi abin dominsu tun farko: ɗaliban zane da zayyana, masu son haɗa samfuri cikin 'yan kwanaki, su nuna wa malami, sannan su warware wayoyin su mayar akwati. Wannan manufa ta bi jinin darussan har yau.

Ɗauki darasi na farko da kowa ke farawa da shi, wanda ake kira Blink. Cikinsa layi huɗu ne: kunna fitila, jira daƙiƙa ɗaya, kashe fitila, jira daƙiƙa ɗaya. Umarnin jiran shi ake kira delay. Daɗin da mutum ke ji idan fitilar ta fara ƙiftawa ba ya misaltuwa, na yarda. To amma me ya faru a cikin daƙiƙar nan ta jira? Ƙwaƙwalwar da ke kan Arduino Uno, wato ATmega328P, agogonta na bugawa sau miliyan 16 a kowace daƙiƙa. Duk wannan bugu an ƙarar da shi ne tana kewaya wuri ɗaya tana duba ko lokaci ya cika. Babban shirinka yana tsaye cik. Kamar ka ɗauki mai gadi ne ka ce masa ya rufe ido ya ƙirga zuwa dubu, ya buɗe ya leƙa ƙofa sau ɗaya, ya sake rufewa. Idan fitila kaɗai kake ƙiftawa, babu laifi. Amma ranar da ka ƙara maɓallin tsayarwa, sai ka ga kana dannawa abin bai ji ba, domin ka danna ne lokacin da idon mai gadin ke rufe. Ranar da ka rubuta "kunna injin ruwa, jira minti 20", to a cikin mintunan nan 20 ko tanki ya cika ya tumbatsa, shirin bai sani ba.

Abin haushin shi ne maganin yana nan a cikin manhajar Arduino ɗin kanta, a wani misali mai suna BlinkWithoutDelay. A can ana amfani da umarnin millis, wanda ke gaya maka yawan milidaƙiƙun da suka shuɗe tun da aka kunna allon. Maimakon rufe ido, mai gadin yana ta zagayensa yana duba agogon hannu, idan lokacin wani aiki ya yi ya yi shi ya wuce. Wannan shi ne ainihin tunanin da ake gina kowace na'ura mai aiki a kansa. Amma an ajiye shi a jerin misalai na biyu, ga shi ba shi da armashi a bidiyo, saboda haka akasarin masu darasi suke tsallake shi. Sai ka tarar da mutum ya haɗa ayyuka goma sha, kowanne cike da delay, yana mamakin me ya sa ba ya iya haɗa biyu daga cikinsu su yi aiki tare.

Kuma ko ka koyi millis, akwai rami a gaba wanda ba a cika faɗa maka ba. A kan Uno, ma'ajiyar lamba da ake kira int tana ɗaukar lamba ne daga -32,768 zuwa 32,767 kawai. Idan ka zuba lokacin millis a cikinta, bayan daƙiƙa 32 da ɗoriya lambar za ta cika ta juye zuwa ƙasa da sifili, shirin ya rikice. Wannan da sauƙi, domin za ka gani nan take. Mai wuyar shi ne na biyu. Ita kanta millis tana da iyaka: lambarta na cika bayan milidaƙiƙa 4,294,967,295, wato kimanin kwana 49 da awa 17, sai ta koma sifili. Idan ka rubuta shirinka ta hanyar cire tsohon lokaci daga sabo, kamar yadda misalin BlinkWithoutDelay ya yi, lissafin zai tsallake wannan juyi lafiya lau. Idan kuwa ka rubuta shi ta hanyar tara lokaci a gaba kana jiran agogo ya wuce shi, to wata rana bayan mako bakwai na'urar za ta yi abin da ba ka sa ta ba. Wane mai bidiyo ne zai jira mako bakwai kafin ya saki darasinsa? Kada ka ɗauka kuskuren 'yan koyo ne kaɗai. A 2015 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta ba da umarni kan jirgin Boeing 787, saboda an gano cewa na'urorin da ke sarrafa janaretocinsa za su iya kashe kansu idan suka kwana 248 a kunne ba a kashe ba. Ma'ajiyar ƙirga lokaci ce ke cika. Ciwon ɗaya ne da naka, girman majinyacin ne ya bambanta.

Mu koma kan sensa da ke cikin kwalin. A nan matsalar ta fi shafarmu kai tsaye, domin an zaɓe su ne don araha da kuma ɗakin da ba zafi ba sanyi. Shuɗiyar sensar nan ta auna zafi da laima, DHT11, ma'auninta na laimar iska yana farawa ne daga kashi 20 cikin ɗari, na zafi kuma yana tsayawa a digiri 50. Kai da ka san hunturun ƙasar Hausa, lokacin da leɓe ke tsagewa, ka san laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana. Sensar ba za ta ce maka "wannan ya fi ƙarfina" ba. Lamba za ta ba ka, ka rubuta a rahotonka kana murna. 'Yar uwarta DHT22 ta fi ta faɗin ma'auni, ta ɗan fi ta tsada, shi ya sa ba a cika sa ta a kwali ba. Sensar auna damshin ƙasa mai ƙafa biyu kuwa, wadda ake yin darasin ban-ruwan shuka da ita, wutar da ke ratsa ƙafafunta a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa ita ke cinye ƙarfen a hankali. Idan an bar ta a kunne kullum ba ta daɗewa.

Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce HC-SR04, mai kama da idanu biyu, wadda ake auna zurfin ruwan tanki da ita. Tana tura sautin da kunne ba ya ji, mai karkarwa sau 40,000 a daƙiƙa, ta jira amsa-kuwwarsa ta dawo, sai shirin ya mayar da lokacin zuwa nisa. Kusan duk darussan suna ɗaukar gudun sauti a matsayin mita 340 a daƙiƙa, su rubuta lambar a shiri ba tare da sun ce maka daga ina ta fito ba. Alhali gudun sauti a iska yana ƙaruwa da kimanin mita 0.6 a daƙiƙa ga kowane digiri ɗaya na zafi. A cikin baƙin tankin roba da ke saman gini a watan Afrilu, inda iskar ciki za ta kai digiri 40 cikin sauƙi, gudun ya kai wajen mita 355. A nisan santimita 150, ma'auninka ya kauce da santimita 6 zuwa 7. Ba wani bala'i ba ne, layi ɗaya zai gyara shi. Amma ka ga darasin kimiyya mai daɗi da aka binne a ƙarƙashin lamba guda da aka ce ka kwafa. Babbar matsalarta ma ita ce ba a yi ta don wuri mai tururi ba, kuma cikin tanki kullum gumi yake.

Yanzu ga inda nake son ka nutsu sosai. Wani darasi mai farin jini sosai shi ne na kunna kayan wutar gida da Arduino ta hanyar rile, wato ɗan shuɗin akwatin nan mai ƙara "ƙyas" idan ya kama. Rile makunni ne da maganaɗisu ke ja: ƙaramar wuta mai bolt 5 ta shiga naɗin waya, ta ja ɗan ƙarfe, ya haɗa babbar wuta. A jikinsa an rubuta amfiya 10, bolt 250. Mai darasi zai jona ƙwan fitila ɗaya, ya kunna ya kashe, sannan ya ce da haka za ka iya sarrafa fanka, firji ko injin ruwa. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce mafi munin abin da ke cikin duk wannan fage.

Dalili na farko: amfiya 10 ɗin nan an auna ta ne da kaya irin su hita, waɗanda ke jan wuta daidai wa daida. Mota mai juyawa ba haka take ba. Injin ruwa mai ƙarfin doki ɗaya yana jan wajen amfiya 5 ko 6 idan yana cikin gudu, amma a lokacin tashi yakan ja ninki biyar na haka ko fiye, na ɗan ƙanƙanin lokaci. Sannan idan aka yanke masa wuta, naɗin wayar da ke cikinsa yana mayar da martani da tartsatsi a bakin makunnin. Kullum tartsatsi, kullum ƙuna, har wata rana bakunan ƙarfen biyu su narke su manne da juna. Ka lura da yadda wannan lalacewa take: rilen ba ya mutuwa a kashe, a kunne yake mutuwa. Shirinka na cewa kashe, fitilar allon na nuna an kashe, injin kuwa na ta gudu. Tanki ya yi ta zuba, ko rijiyar burtsatse ta ƙafe injin ya yi ta juyawa ba ruwa har ya ƙone. Masu aikin wayarin sun san maganin wannan tun kafin a haifi Arduino: kwantakta, babban makunnin da aka ƙera don mota, tare da abin kariya daga jan wuta fiye da kima. Ƙaramin rile ya kunna kwantakta, kwantakta ta kunna inji. A cikin darussa goma da wuya ka ji an ambace ta sau ɗaya.

Dalili na biyu jikinka ne. Wutar gidajenmu bolt 220 zuwa 230 ce. Na'urorin kare rai da ake sa wa a gidaje an saita su su yanke wuta da zarar miliamfiya 30 ta zurare, domin abin da ya wuce haka idan ya ratsa ƙirji zai iya rikita bugun zuciya. Miliamfiya 30 fa, ba amfiya ba. Yanzu ka juya allon rilen nan ka dubi bayansa: ɗigon dalma tsirara, ɗauke da wutar gida, 'yan milimita kaɗan daga ɓangaren bolt 5 da kake taɓawa da hannu, wanda kuma ke jone da kwamfutarka ta wayar USB. A bidiyo za ka gan shi yashe a kan tebur, ba akwati, ba fiyus, ba wayar ƙasa. Mutumin da ya shafe wata guda yana cire waya yana mayarwa da hannu a bolt 5 ba abin da ya same shi, hannunsa ya riga ya saba. Kwalin ya koya masa cewa kuskure ba ya ciwo, sannan darasi na goma sha biyu ya miƙa masa wutar da ke kisa ba tare da ya sauya murya ba. Idan aikinka ya kai ga wutar gida, ka kira mai wayarin ya yi wannan ɓangaren, kai ka tsaya a naka. Ba gazawa ba ce, haka ake yi a masana'antu ma.

Akwai kuma zancen wutar da ke ciyar da allon kansa. Darussan sun ɗauka kana da wutar da ba ta ƙiftawa. Mu kuwa a ɗauke, a kawo, a koma janareta, a koma sola, duk a yini ɗaya. Tambayar da ya kamata kowane shiri ya amsa ita ce: idan wuta ta ɗauke ta dawo, a wane hali na'urar za ta farka? Injin zai tashi da kansa ko zai jira? Idan ƙyanƙyasar ƙwai ce, ta tuna kwana nawa aka yi, ko ta koma ƙirga daga ɗaya? Uno na da 'yar ma'ajiya mai riƙe bayani ko ba wuta, mai ɗaukar bayit 1,024, amma kowane gurbi nata an lamunce masa rubutu kimanin sau 100,000 ne kawai, saboda haka wanda ya sa shirinsa rubutu a gurbi ɗaya kowace daƙiƙa zai cinye wannan adadi cikin kwana ɗaya da 'yan awoyi. Haka nan mai jona allon kai tsaye da batirin sola mai bolt 12 ya sani cewa ɗan abin da ke rage wutar zuwa bolt 5 yana mayar da ragowar bolt 7 ɗin zafi ne. Idan kayan da ka jona suna jan miliamfiya 200, wat 1.4 ke nan na zafi a kan abin da bai kai ƙwayar wake ba, a cikin rufaffen akwati, a bazara. Ƙwaƙwalwar ma tana da wani agogon tsaro a cikinta wanda zai sake tayar da ita idan shiri ya maƙale, ana iya saita shi har zuwa daƙiƙa 8. Kyauta yake, yana nan a ciki, amma ba ya cikin manhajar koyarwar kwali.

Za ka iya cewa, to ai ba za a koya wa ɗan koyo komai rana ɗaya ba. Gaskiya ne. Amma akwai wata hanyar farawa, kuma an gwada ta. Littafin Charles Platt mai suna Make: Electronics, wanda ya fito a 2009, yana farawa ne da sa mai karatu ya ɗanɗana batir mai bolt 9 da harshe, ya haɗe bakin ƙaramin batir ya ji yadda yake zafi, ya ƙona fiyus da gangan, ya ƙona fitilar LED da gangan. Kafin ka gina komai ka riga ka ga iyakar kayan da idonka. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yaron da aka kai shagon mai gyaran rediyo ko wayar hannu ba da sabon kaya yake fara koyo ba, da matacce yake farawa. Mita ake fara miƙa masa, a ce nemo inda wutar ta tsaya. Shi ya sa za ka ga mai gyara da bai taɓa rubuta layin shiri ko ɗaya ba ya kalli aikin ɗalibin jami'a ya ce masa wannan wayar ta yi siriri, kuma ya yi gaskiya. Abin mamaki, galibin kwalayen koyon Arduino suna zuwa da sensa iri-iri, amma babu mita a ciki.

Wani abu kuma da darussan ba za su taɓa gaya maka ba, domin zai kashe musu kasuwa: ayyuka da yawa ba sa bukatar Arduino sam. Cika tanki da kashe inji, makunnin nan mai yawo a saman ruwa da masu aikin famfo ke kira fulot yana yin sa shekara da shekaru, ba shiri, ba millis, ba kwana 49. Inda ƙwaƙwalwa ke da amfani shi ne abin da fulot ba zai iya ba: ta ƙi tayar da inji idan wuta ta yi rauni, ta jira 'yan mintuna bayan an dawo da wuta, ta ƙirga awoyin da injin ya yi, ta turo maka saƙo.

Idan kana da aiki a hannu yanzu wanda kake shirin maƙalawa a bango, ka yi masa jarrabawar da bidiyo bai yi masa ba. Zare masa wuta ka mayar sau ashirin a jere, ka ga ko kowane karo yana farkawa a hali ɗaya. Bar shi a kunne mako guda a wurin da zai zauna, ba a ɗakinka ba. Sannan, yana cikin aiki, ka cire wayar sensa ɗaya ka ga abin da zai yi. Da HC-SR04, idan amsa-kuwwa ba ta dawo ba, umarnin da ke jiranta yana mayar da sifili, shirin ya fassara shi da cewa ruwa ya kai baki, sai ya ƙi tayar da inji, gida ya wayi gari ba ruwa. Idan kuwa gumin tanki ya sa ta karanta nisa mai yawa na ƙarya, shirin zai ɗauka tankin wayam yake, ya bar injin a kunne. Saboda wannan hali na biyu, ka auna minti nawa injinka ke ɗauka ya cika tanki daga ƙasa, ka ƙara kaɗan a kai, ka rubuta a shirin cewa ko me sensa ta ce, idan injin ya wuce wannan lokaci a kunne a kashe shi, a kunna jar fitila, kuma kada a sake tayar da shi sai mutum ya zo ya danna maɓalli. Layi biyar ne ko shida da millis.